Yadda Na Zauna a Kan Shinkafar Mutane Kwana Huɗu

Shekarun baya, lokacin ina aji biyu a ƙaramar sakandare, na riƙe wa wasu mutane bakin buhu suna kwashe aikin da mahaifiyata ta yi sati guda tana yi, da suka gama kuma na ce musu Allah ya kiyaye hanya. Na fara da wannan ne don kada wani ɗan unguwarmu ya shigo ƙasan rubutun nan ya riga ni faɗa. E, ni ne. Naira ɗari biyar aka ba ni da lemo mai sanyi guda ɗaya. An sha sayen mutane da araha a duniya, amma har yau ban ji labarin wanda ya kai ni sauƙin kuɗi ba.

Sana'ar Inna gumin shinkafa ce. Ga wanda bai sani ba, manomi ne ko ɗan kasuwa zai kawo shanshera, wato shinkafa da ƙaiƙayinta, a jiƙa ta a duro ta kwana, a tsame, a turara ta a kan wuta, a shanya ta bushe, sannan mai ita ya biya kuɗin aiki ya wuce da abarsa injin casa. A baki abu ne mai sauƙi. A aikace kuwa hayaƙi ne tun hantsi, har idon Inna ya koma kamar an zuba masa barkono, ga ɗaga duro, ga itacen da ake ci kamar ana gasa raƙumi. Tsakar gidanmu bai fi a shimfiɗa tabarma uku ba, saboda haka shanya a bakin kwalta muke yi, a kan tamfol, kamar sauran masu gumi na unguwar. Aikina shi ne in zauna a wurin in kori awaki da kaji, in riƙa juya shinkafar da manjagara.

Ni ne ɗan fari, don haka Inna ba ta taɓa kama sunana ba. “Kai wannan” shi ne sunana a gida. Idan ta ja shi da tsawo, abinci ne. Idan ta yanke shi gajere, in nemi hanyar gudu.

A shekarar, bayan an yanke shinkafar rani, wani dattijo daga wajen Auyo ya kawo mana buhu ashirin. Ya daɗe yana kawo wa Inna aiki, mutum ne siriri mai sanyin magana. Ya ce tsuntsayen jan-baki sun sauka a gonarsa sun cinye fiye da rabi, wannan ne ya tsira da shi, yana so a gyara a casa ko farashin zai ɗan ɗaga. Ya ce in ya sayar zai biya. Inna ta ce babu komai, ta je ta ɗauko itace bashi a wurin mai itacen da take hulɗa da shi. Abin da dattijon bai faɗa ba shi ne, a farkon noman ya karɓi iri da taki da maganin feshi a wurin wani kamfani, ya dangwala yatsa a takardar da ta ce duk abin da gonar ta bayar jingina ne a wurinsu sai ya biya.

Ranar da abin ya faru, buhu takwas ne a bakin kwalta, sun kusa bushewa. Sauran sha biyun suna gida, wasu a jiƙe cikin duro, wasu an turara suna jiran wurin shanya. Rana kuwa ta ranar nan, in ka fasa ƙwai a kan kwalta sai ka nemi burodi. Abokaina sun wuce ta gabana za su kogi wanka, suna ɗaga min hannu kamar masu tafiya Makka. Ina zaune ina gardama da wata baƙar akuya da ta raina ni, sai ga wata motar ɗaukar kaya, irin wadda ake kira kanta, ta tsaya. Wani mutum ya sauko daga gaba, kaftani ya sha guga, ga jakar takardu a hammata, ga kati rataye a wuya.

Ya ce, “Sannu da aiki, manaja.”

Na waiga in ga manajan. Babu kowa sai ni da akuya.

“Shinkafar Baba na Auyo ce wannan?”

Na ce ita ce.

“To shi ya turo mu. Ya samu layi a inji yau, ya ce a kawo wadda ta bushe. Ta bushe kuwa? Kai ne masani.”

Wannan “kai ne masani” ita ta gama da ni. Na ɗebi ƙwaya biyu na sa a haƙori kamar yadda Inna take yi, na ɗaga kai sama, na yi shiru irin na manyan likitoci, sannan na ce ta bushe. Ma'aikatansa biyu suka sauko da buhuna da tsintsiya. Ni na riƙe bakin buhu. Ni na nuna musu inda wasu ƙwayoyi suka gangara gefen tamfol, don kada a yi asara. Da aka gama ya miƙo min takarda da biro ya ce in sa hannu a matsayin wakilin mai aiki. Wata uku na yi ina koyon sa hannu a bayan littafin lissafi, ban taɓa samun wanda ya nema ba sai ranar. Na zana shi da wutsiyarsa da komai. Ya ba ni ɗari biyar da lemo, har suka rage min hanya zuwa bakin kogi. A bayan motar nake tsaye, a kan buhunan, iska tana kaɗa ni, ina ɗaga wa mutane hannu.

Bayan la'asar na dawo gida da tamfol a naɗe a ka, jikina fes, ina jiran yabo. Inna tana bakin murhu.

“Kai wannan, ina shinkafar?”

“An kai inji. Baba na Auyo ya aiko.”

“Wa ya aiko?”

“Wani mai kati a wuya.”

Ta ajiye itacen da ke hannunta. Ta kira lambar dattijon, a kashe. Ta sake kira, a kashe. Ba ta zage ni ba, ba ta ɗauki muciya ba. Da ma dukana ta yi, da na san inda abin ya tsaya.

Ba a yi rabin awa ba sai ga sallama a zaure. Mai katin ne, ya dawo da kantarsa a share, ya zo ɗaukar sauran. Yanzu babu manaja, ko kallona bai yi ba. Inna ta saka hijabi ta fito ta tsaya a ƙofar da ke tsakanin zaure da tsakar gida. Ya zaro takarda ya yi mata bayani da murya mai daɗi, cewa shi wakilin kamfani ne, dattijon ya ci bashi bai biya ba, shinkafar nan tasu ce tun tana gona, an rubuta, an buga hatimi, har a na'ura an shigar.

Inna ta ce, “Na ji. Ni ba ni da ja da takardarka. Ka ba ni kuɗin aikina na buhu ashirin, ka ɗauki kayanka.”

“Hajiya, ni ban sa ki aiki ba. Ki bi wanda ya sa ki.”

“Wadda ka kwasa ɗazu, a haka ta fito daga gona?”

“Wannan ba ya cikin takarda.”

“Takinka ne ya turara ta, ko maganin feshinka ne ya shanya ta?”

Ya ce shi bai zo musu ba, in ana so a yi da 'yan sanda sai a yi. Inna ta jawo turmi ta kifa shi a bakin ƙofar ta zauna a kai. Mace ce ƙarama, amma ranar ƙofar nan ko ƙadangare ba zai samu wurin wucewa ba. Ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Kai wannan, kira min Yaya.”

Yayanta ke nan, Kawuna. Ya yi shekaru yana rubutu a kotu kafin ya yi ritaya, kuma har yau yana karanta takardar maganin ciwon kai kamar zai yanke mata hukunci. Na tarar da shi yana gyaran rediyo, na ba shi labari a hanya, na tsallake wurin lemo.

Kawu ya karɓi takardar, ya saka tabarau, ya karanta ta daga sama har ƙasa, ya juya bayanta duk da babu komai a can. Sannan ya ce, “Takardar nan lafiyarta lau. Shinkafar jinginarsu ce.”

Mai kati ya yi murmushi ya juya zai kira ma'aikatansa.

Kawu ya ce, “Tsaya, ɗana, ban gama ba. Jinginarku ce, amma ba ku ne farkon layi ba. Duk wanda aka kawo wa kaya ya yi aiki a kansu, tela ne, makanike ne, mai gumi ce, muddin kayan suna hannunsa, yana da ikon riƙe su sai an biya shi ladan aikinsa. Shi ake fara sallama, sannan mai takarda. Ko da takardar ta girme shi. Haka yake a littattafan malamai, haka yake a dokar gwamnati. Ko ba a koya muku wannan ba a ofis?”

Mutumin ya gyara katin wuyansa. Ya ce, “An koya mana, Baba.”

Wannan kalmar ce har yau take tafasa min jini. An koya musu. Ya sani tun safe. Shi ya sa bai fara zuwa gida ba, ya bi kwalta yana neman inda aka ajiye wawa, kuma Allah ya haɗa shi da ni.

Inna ta ce, “To takwas ɗin da ya kwasa fa, Yaya?”

Kawu ya ce, “Ƙwacewa suka yi?”

Mai kati ya zaro ɗayar takardar ya miƙa masa. Kawu ya kai ta kusa da ido, ya nisanta ta, ya karkata ta.

“Wannan zanen kunamar na waye?”

Na ce a hankali, “Sa hannu ne, Kawu.”

“Naka?”

“Amma ƙarya ya yi min. Cewa ya yi Baba ne ya turo shi.”

Mai kati ya ce shi bai tuna ya faɗi haka ba. Na rantse, na sake rantsewa, har na fara kuka don haushi. Kawu ya ɗaga min hannu. Ya ce wa Inna, “Da ƙwace ne, da mun bi su har inda suka kai. Ƙaryar ma ana iya kai ƙara a kanta, sai dai shaidarki ɗaya ne, shi ma rabin unguwa sun gan shi a bayan motarsu yana ɗaga hannu. Abin da za ki kashe a shari'ar ya fi kuɗin aikin. Takwas sun fita hannunki. A kansu ke ma mai bin bashi ce kamar kowa, kuma takardarsa tana gabanki. Sha biyun nan kuwa, ki riƙe.”

Na ɗauka an gama, mun ci rabin yaƙi. Sai mai kati ya leƙa ta saman kan Inna ya hango duro-duron da ke tsakar gida. Ya ce, cikin ladabi kamar mai ba da shawara, “Ai jiƙaƙƙiya ce, Hajiya. Gobe in ba ki fito da ita rana ba za ta fara tsami. Jibi ta yi baƙi. In ta lalace a hannunki, ke za ki biya mu. In kuma kin fito da ita kwalta, kwalta ba gidanki ba ce.”

Gaskiya ya faɗa, wannan ne abin takaicin. Shinkafar da aka jiƙa ba ta jiran shari'a. Inna ta dubi tsakar gidan da ko buhu biyu ba zai shanyu ba. Na san abin da take lissafawa. In ta saki, babu kuɗin aiki, babu abin da za ta ba mai itace, kuma mai itace in ka karya masa alkawari sau ɗaya, murhunka ya mutu ke nan. In ta riƙe a ɗaki, shinkafa ta ruɓe.

Kawu ya cire tabarau ya ce, “Hannu ba bango ba ne. Ta shanya a kwalta. Muddin akwai mutuminta a kai, bai tashi ba, bai miƙa ba, a hannunta take. Wanda ya taɓa ta a haka, ƙwace ya yi, ni kuma zan raka shi inda ake kai masu ƙwace.”

Mai kati ya ce, “In kuma babu kowa a kai?”

Kawu ya ce, “Za a samu.”

Sai duk suka juyo suka kalle ni, har shi mai katin.

Washegari da hantsi muka fito da shinkafar a baro, ina tafe ina dafe da ita kamar mara lafiya. Muka baza a tamfol huɗu. Inna ta kifa min bokiti a tsakiya ta ce, “Nan ne gidanka.” Can tsallaken titi, ƙarƙashin darbejiya, ga kanta a fake, ga mai kati a kan benci yana danna waya, ga ma'aikatansa biyu da buhuna a naɗe a cinya. Su suna inuwa, ni ina rana. Su da takarda, ni da manjagara.

Wajen ƙarfe goma ɗaya daga cikin ma'aikatan ya tsallako da leda guda cike da ruwan sha na fiya-wata, mai sanyi har tana hawaye. Ya ce oga ya ce zafi ya yi yawa, shi ba ya gaba da yara. Na ce a raina ashe mutumin yana da imani. Na sha ɗaya, na sha biyu. Ina kan na biyar na lura dukansu uku sun daina abin da suke yi suna kallona da fara'a. A nan na gane. Wallahi ban san mutum zai iya mugunta da ruwan sha ba sai ranar.

Abin da na gani daga sha ɗaya zuwa azahar, ba na yi wa maƙiyina fatansa, sai dai mai kati. Na zauna, na tashi, na harɗe ƙafa, na yi rawa a kan bokiti, na karanta duk addu'ar da na sani har da ta shiga kasuwa. Mutane suna wucewa suna cewa yaron nan akwai nishaɗi. Da ƙyar na samu wata yarinya mai tallar gyaɗa na aike ta gida. Inna ta fito da kujerarta 'yar tsugune, ta zauna a tsakiyar tamfol, ta ce, “Minti biyu.” Ban taɓa gudu irin na ranar ba, ko a gasar makaranta. Da na dawo ta tattara sauran ruwan ta tsallaka titi da kanta ta ajiye a gaban mai kati.

Ta ce, “Mun gode. Muna da randa.”

Rana ta biyu ya canza salo. Ya tsallako da kansa ya tsuguna a gefen tamfol, bai taka ba, don ya san doka. Ya ce shi ma ɗan talaka ne, in bai kai shinkafar nan ba albashinsa za a yanka. Ya ce ba sai na miƙa komai ba, in dai je in sayo masa katin waya a shagon can, ga dubu biyu, canjin nawa ne.

Na ce, “Shekaranjiya ɗari biyar, yau dubu biyu. Ka dawo jibi, wataƙila na kai kuɗin akuya.”

Ya ce, “Ba ka da kunya.”

Na ce, “Manaja ne ni.”

A nan nake cin abinci, a nan nake salla, ido ɗaya a ƙasa ɗaya a darbejiya, Allah ya yafe min. Abokaina suka riƙa wucewa za su kogi, na riƙa kawar da kai kamar mai azumi a gaban mai tsire. Baƙar akuyar nan ma ta zo, ta dube ni, ta ga babu wasa a fuskata, ta wuce. Da yamma mu kwashe a buhu mu tura gida, da safe mu fito da wadda aka turara sabuwa. Na yi baƙi har ƙanwata ta ce in na rufe ido ba a ganina.

A rana ta uku dattijon ya zo. A bayan babur aka kawo shi. Ya sauka nesa kaɗan, ya tsaya yana kallon kantar, sannan ya tako ya tsuguna a bakin tamfol. Na aika aka kira Inna. Ina ta shirya masifar da zan taya ta yi masa, don a ganina shi ya jawo mana komai.

Ta ce, “Baba, sannu da hanya.”

Ya ce, “Ban da bakin magana, 'yar nan.”

“Da ka faɗa min akwai masu bin ta, ai ba zan ƙi aikin ba. Da dai na san irin zaman da zan yi da ita.”

“Na yi zaton in na casa na sayar da tsada, zan biya su, in biya ki, a samu na tuwo. Kunya ce ta sa na kashe waya.”

Ya sa hannu ya ɗebi shinkafar, ya murza a tafinsa, ya sa ƙwaya ɗaya a haƙori. Ya ce, “Ta yi kyau. Ba za ta karye a inji ba.” Ya mayar da ita kan tamfol a hankali, har ƙwayar da ta maƙale a tsakanin yatsunsa ya kakkaɓe. Wata huɗu ya yi a cikin ruwa da sauro yana kaɗa gwangwani yana korar tsuntsaye, ga shi ko cikin tafi ɗaya ba shi da ikon sakawa a aljihu. Na fasa masifar da na shirya. Inna ta sa aka kawo masa fura, ya sha a nan gefen titi, mai kati yana kallo daga inuwa.

Rana ta huɗu direban kantar ne ya yi mana aiki. Ashe motar haya ce, kullum kuɗi take ci tana tsaye. Tun daga tsallake nake jin sa yana cewa shi ba gadin yaro aka ɗauko shi ba, yana da lodin albasa a kasuwa, ko a sallame shi ko ya tafi. Ga kuma hadari ya fara haɗowa daga gabas, na farkon shekara. Mai kati ya koma bayan bishiya da waya a kunne, ina ganin yana rusunawa shi kaɗai yana “ranka ya daɗe”. Da ya gama ya tsallako ya ce a kira Hajiya da Baba mai tabarau.

A zaure aka zauna, ni kuma aka bar ni a kan bokiti, amma ranar dab da ƙofar gida muka baza tamfol, don haka ina jin komai. Dattijon ma yana nan, don a gidan Kawu ya kwana. Mai kati ya ce kamfani ya amince zai biya kuɗin aikin buhu sha biyu.

Inna ta ce, “Ashirin na yi wa aiki.”

Kawu ya ce tana da hujjar tsayawa a kan ashirin, tunda aiki ɗaya ne aka kawo mata, kuma da alama motar can ba za ta iya ƙara kwana ba.

Mai kati ya ce, “Ko ashirin ɗin ne sai a duba. Amma ki sani, Hajiya, ba daga aljihun kamfani zai fito ba. Duk abin da muka ba ki, a kan bashin Baba za mu ɗora.”

Na leƙo na ga dattijon ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin rigarsa. Ya ce, “Ki karɓi haƙƙinki duka, 'yar nan. Bashi ne, ya riga ya yi yawa, ƙarin ba zai canza masa kama ba.”

Inna ta dube shi. Sannan ta ce wa mai kati, “Kawo na sha biyun.”

Ni na so in yi ihu daga kan bokiti. Kwana huɗu ina gasuwa, ga mutumin ya zo hannu, ta sake shi. Sai da aka ƙirga kuɗin a gaban Kawu, Inna ta ɗaure su a bakin zani, sannan ta fito ta ce min, “Kai wannan, tashi.” Na tashi. Suka kwashe. Wannan karon ko tsintsiya ban miƙa musu ba, na tsaya na harɗe hannu ina yi musu addu'ar faci a taya huɗu.

Yanzu na girma kaɗan, na kuma fahimci dokar, har ina ganin tana da adalci a inda ta tsaya. Wanda ya ba da taki ya ba da dukiya, ba a ce ya yi asara ba. Amma shinkafar da ya zo ɗauka ta fi wadda aka jinginar masa daraja, kuma hayaƙin da ya shiga idon Inna ne ya ƙara mata darajar. Dole a fara biyan wannan. Abin da har yau ban haɗiye ba shi ne, haƙƙin nan rataye yake da abu ɗaya tak, wato kada kayan su bar hannunka. Mai takarda yana iya barci a ofis da fanka, takardarsa tana yi masa gadi. Mai aikin hannu kuwa sai ya zauna a kan kayan da jikinsa, in ya tashi fitsari haƙƙinsa ya bi iska. Kuma waɗanda suka san haka ba sa zuwa su faɗa maka. Zuwa suke su kira ɗanka manaja. Ina jin haushin mutumin nan, ina jin haushin ofishin da ya koya masa dokar don ya san ta inda zai zagaye ta, amma in na zo ƙarshen lissafi sai in tarar da kaina a tsaye riƙe da bakin buhu.

Kuɗin buhu sha biyu aka biya Inna. Ta sallami mai itace a ranar, abin da ya rage mata bai kai ladan buhu biyu ba. Na takwas ɗin babu wanda ya biya, ita kuma ba ta taɓa tambayar dattijon ba. Bana ma ya kawo mata aiki, buhu shida, ya biya kafin a jiƙa.